Ruwan Dogondutsi a Rumbun Bolonya

Da zarar watan Mayu ya raba, magana ɗaya ce a bakin manoman ƙasar Arawa, tun daga Dogonkiriya da Matankari har zuwa Kore Mairuwa, Tibiri da Gesheme: ruwan nan da ya sauka, na shuka ne ko na yaudara? Wanda ya yi gaggawa ya zuba iri, aka yi mako biyu babu ɗigo, ya yi asarar iri da guminsa. Wanda ya tsaya jira kuma damina ta zo gajeriya, hatsinsa ba zai nuna ba. Masana aikin gona sun daɗe da sa wa wannan tambaya ma'auni. A 1988 wani masani a cibiyar ICRISAT ta Sadore, kudu da Yamai, mai suna Sivakumar, ya tsara ƙa'idar da har yau ake aiki da ita, ko da an yi mata 'yan gyare-gyare. Ya ce damina ta kankama idan bayan 1 ga Mayu aka samu milimita 20 cikin kwana 3 a jere, sannan ba a yi fari na fiye da kwana 7 ba cikin kwana 30 da suka biyo baya. Kashin farko na ƙa'idar, ma'aunin ruwan sama ne ke faɗar sa. Kashi na biyu kuwa maganar gobe ce, sai da hasashe.

Hasashen da ma'aikatar yanayi ta ƙasa ke fitarwa a Yamai, da wanda cibiyoyin AGRHYMET da ACMAD ke haɗawa kowace shekara gabanin damina, jijiyarsa na cikin wasu manyan kwamfutoci da ke Turai da Amurka. In ana zancen waɗannan injina, kowa saurinsu yake yabo: lissafi kaza cikin daƙiƙa guda. Ba a cika tambayar inda suke zuba abin da suka lissafa ba, ko inda suke ɗebo abin da suke lissafawa da shi. A ganina nan ne maganar take, kuma nan ne ta shafi mutumin Dogondutsi kai tsaye.

Mu ɗauki cibiyar hasashen yanayi ta ƙasashen Turai, ECMWF, wadda aka kafa a 1975. Hedikwatarta na Redin a Ingila, manyan injinanta kuma yanzu suna Bolonya a Italiya. Yadda take aiki shi ne ta yanka sararin duniya gida-gida, kowane gida faɗinsa kimanin kilomita 9, wato gidaje wajen miliyan 6.6 a doron ƙasa. Sannan ta raba iskar da ke bisa kowane gida hawa 137, daga kan ciyawa har can ƙololuwa. In ka ninka, za ka samu gurabe sama da miliyan 900. A kowane gurbi ana riƙe da zafi, da laima, da ƙarfin iska da inda ta dosa. Zafi kaɗai, na lokaci guda tak, in an matse lambobinsa, yana cin kusan gigabait 2. Kuma ba lokaci guda ake so ba, ana bin hasashen ne mataki-mataki har kwana 15. Ba kuma sau ɗaya ake lissafin ba. Tunda ba wanda ya san halin sararin samaniya na yanzu daidai wa daida, sai a maimaita lissafin sau 51, kowanne da ɗan bambanci a mafarinsa, a ga nawa ne suka ce za a yi ruwa. Daga nan ake samun zancen da muke ji na cewa yiwuwar ruwa kashi 70 cikin 100 ce. Safe da dare ake wannan aiki, ba Juma'a ba Lahadi.

Duk wannan tulin lambobi dole a rubuta su wani wuri, kuma a rubuta su da sauri, don hasashen da ya iso bayan hadari ya wuce ba shi da amfani ga kowa. A nan ne matsalar ajiya ke fitowa. Babbar kwamfuta ba inji guda ba ce, dubban injina ne aka jera a manyan akwatuna, aka haɗa su da wayoyi masu tsananin sauri, kowanne na lissafin yankinsa na duniya. Duk sun gama kusan lokaci ɗaya, duk suna son su rubuta sakamako. Wanda ya san rijiyar makiyaya da rani ya san wannan hali. Ruwa na nan a ƙasa, bai ƙare ba, amma in guga ɗaya ce da igiya ɗaya, garke zai wuni yana kuka a bakin komi. Abin da ke shayar da dabbobi da wuri shi ne a kafa gwafanni kewaye da bakin rijiyar, mutum shida ko takwas su riƙa ja tare. Haka masana suka yi wa ajiyar bayanai. Maimakon a zuba babban fayil a faifai guda, sai a daddatsa shi, a watsa gutsattsarin a ɗaruruwan faya-fayai, duk su riƙa karɓa a lokaci ɗaya. Wani inji na daban kuma ba ya ajiye komai sai rajista: gutsure kaza na fayil kaza yana faifai kaza. Tsarin da ya fi shahara a wannan aiki sunansa Lustre, wanda Peter Braam ya fara a 1999 a jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka. Akwai kuma GPFS na kamfanin IBM, wanda ya girme shi da kaɗan. Kwamfutar Frontier ta Amurka, wadda a 2022 ta zama ta farko da aka tabbatar ta haura lissafi biliyan sau biliyan a daƙiƙa, Lustre take amfani da shi, kuma rumbunta na ɗaukar kimanin petabait 700. Petabait ɗaya terabait 1,000 ne, wato gigabait miliyan guda.

Inda faya-fayai suka kai dubbai, mutuwarsu ba labari ba ce, abin yau da kullum ne. Don haka ba a jiran sa'a. Ana rubuta ƙarin gutsattsari na lissafi tare da bayanan, ta yadda in faifai ɗaya ko biyu sun mutu za a iya sake gina abin da ke cikinsu daga sauran, ma'aikaci ya zare mataccen ya sa sabo aiki na tafiya. Lissafin da zai ɗauki makonni kuma, kamar na sauyin yanayi na shekara 100, yakan tsaya lokaci-lokaci ya rubuta duk inda ya kai. In inji ya lalace a tsakiya, sai a tashi daga zangon ƙarshe, ba daga farko ba.

Akwai wani abin ban sha'awa da ba kowa ya lura da shi ba. Garin Orsay na Faransa, wanda ya daɗe da ƙawance da Dogondutsi, aka yi ayyukan ruwa, tsafta, lambuna da tare koramu tare da mutanensa, shi ne mazaunin IDRIS, cibiyar manyan lissafe-lissafe ta hukumar binciken kimiyya ta Faransa. A can aka girka kwamfutar Jean Zay a 2019, kuma masu binciken yanayi na cikin masu aiki da ita. Zafin da take fitarwa ma ba a barin sa ya tafi a banza, ana ɗumama gine-gine da shi lokacin sanyi. Tsarin ajiyarta misali ne mai kyau na yadda ake jera rumbuna hawa-hawa. Hawa na farko ma'ajiya ce marar juyi, dangin wadda ke cikin wayar hannu, mai tsananin sauri da tsananin tsada. Nan ake aikin da ke kan wuta, kuma dokar wurin ita ce fayil ɗin da aka yi kwana 30 ba a taɓa ba, sharewa ake yi ba tare da sallama ba. Hawa na biyu faya-fayai ne masu juyi, sun fi araha, sun fi ɗauka, nan ake ajiye abin da za a waiwaya nan da wata ko shekara. Hawa na ƙarshe shi ne zai ba mai karatu mamaki: kaset.

Eh, kaset, ɗan'uwan wanda muka saurari waƙoƙi da wa'azi da shi, zare mai maganaɗisu naɗe a cikin ƙaramin akwati. An daina ganin sa a kasuwa, amma a manyan cibiyoyin kimiyya bai taɓa yin ritaya ba. Nau'in LTO-9 da ya fito a 2021 yana ɗaukar terabait 18 a kaset guda. Dalilin riƙe shi a bayyane yake. Faifai mai juyi yana shan wuta dare da rana ko ba a karanta shi, yana kuma buƙatar sanyi. Kaset kuwa in an rubuta an mayar da shi kanta, ba ya cin wutar ko sisi, kuma ɓarawon intanet ba ya isa gare shi tunda ba a jone yake ba. Aibinsa jinkiri ne: sai hannun mutum-mutumi ya bi layi ya ɗauko shi, ya sa a na'ura, a warware zaren har inda ake so. Babban rumbun ECMWF, mai ɗauke da ɗaruruwan petabait na hasashe da ma'aunai na shekaru da dama, akasarinsa a kan kaset yake. Ruwan da aka auna a tashar yanayi aka aika ta hanyoyin hukumar yanayi ta duniya, irin wannan wuri yake ƙarewa.

To me ya sa ake wahalar ajiye hasashen jiya, alhali jiya ta wuce? Ga misalai biyu da suka shafe mu.

Taurarin ɗan'adam na Meteosat, waɗanda aka harba na farkonsu a 1977, suna tsaye ne saitin Afirka suna ɗaukar hoton gajimare ba dare ba rana. Na zamani na biyu duk minti 15 suke aiko hoto, wanda aka harba a Disamban 2022 kuma duk minti 10. Da an riƙa share hotunan bayan an gama hasashen ranar, da ba wanda zai ga laifi. Amma an ajiye. A 2017 Christopher Taylor da abokan aikinsa suka bi hotunan shekara 35, suka gano cewa manyan hadarurruka mafiya ƙarfi a yankin Sahel sun ninka sau uku tun 1982. Wannan shi ne irin hadarin da ke tasowa daga gabas da guguwa a gabansa, ya zubar da ruwan mako biyu cikin awa biyu, koramu su gangaro daga duwatsu su afka wa gari. Mutanen Dogondutsi, da garinsu ke zaune ƙarƙashin tuddai a bakin Dallol Mawri, ba sa buƙatar a fassara musu wannan. Abin da binciken ya ƙara shi ne tabbacin cewa ba idonsu ne ke yi musu gizo ba, kuma duk wanda zai gina gada ko magudanar ruwa da lissafin shekarun fari na 1973 da 1984, ya gina ƙarama.

Misali na biyu ya fi wannan girma. An ɗauki ɗimbin ma'aunan da aka ajiye, na tashoshin ƙasa, na jiragen ruwa da na sama, na balan-balan da na taurari, aka sake bi da su ta cikin lissafin zamani, aka fitar da tarihin yanayin duniya awa bayan awa tun daga 1940. Sunan wannan kundi ERA5, kuma kyauta ake ɗaukar sa. A kansa ne kamfanin Google DeepMind ya horar da GraphCast a 2023, da bayanan shekara 39, har ta kai yana fitar da hasashen kwana 10 cikin ƙasa da minti ɗaya a kan inji guda. ECMWF ma ta fara aiki da nata irin wannan tsari, AIFS, a Fabrairun 2025. Ma'anar wannan ita ce ƙarfin inji ya fara araha, abin da ya zama jari shi ne rumbun. Wanda ya ajiye shekara 40 na bayanai masu tsafta, shi ke da abin koyar da na'ura.

Sai dai fa na'ura ba ta koyon abin da ba a nuna mata ba. Gidan ERA5 guda faɗinsa kimanin kilomita 31 ne, wato ƙauyuka da dama na iya faɗawa cikin lamba ɗaya. Ba'are kuwa ya san ana iya yin ruwa a Kiyeshe, gonar da ke tafiyar awa ɗaya a ƙafa ta kwana da ƙura. Masana ma sun tabbatar da haka da ma'auni. Daga 1990 cibiyar ORSTOM ta Faransa, wadda yanzu ake kira IRD, tare da ma'aikatar yanayi ta Nijar, suka dasa ma'aunan ruwa kusan 100 a kewayen Yamai cikin shirin EPSAT-Nijar, suka ga yadda jimillar ruwan damina ke bambanta ƙwarai tsakanin wurare masu kusanci. Aikin ya ci gaba a shirin HAPEX-Sahel na 1992, da shirin AMMA wanda ya yi babban gangaminsa a 2006. Tauraro kuma, in ana maganar Meteosat, ba ruwa yake gani ba. Sanyin saman gajimare yake aunawa, daga nan a ƙiyasta ruwan da ya zubar. Kundayen ƙiyasi irin su TAMSAT na jami'ar Redin, mai farawa daga 1983, da CHIRPS na jami'ar Kalifoniya a Santa Barbara, mai farawa daga 1981, duka sai sun gwada ƙiyasinsu da ma'aunin ƙasa kafin a yarda da su. Ma'aunin ƙasan nan shi ne ɗan mazubin da ke kafe a harabar ofishin noma ko gidan mai gari, wanda wani bawan Allah ke dubawa da safe ya rubuta a littafi, a karanto a rediyo cewa gari kaza ya samu milimita kaza.

Ke nan sarƙar ta taso ne daga littafin nan har zuwa Bolonya, kuma ba a Bolonya take da rauni ba. Can akwai kwafi fiye da ɗaya, akwai masu gadi, akwai kasafin kuɗi. A nan kuwa gara na cin takarda, rufi na yoyo, ana canza wa ma'aikaci wurin aiki ya tafi da kwamfutarsa da duk abin da ke ciki. Wani lokaci lambar tana nan amma an rasa abin da zai ba ta ma'ana. In ka ga an rubuta 34, ba sunan gari, ba kwanan wata, ba a san ko ruwan daren jiya aka jingina wa jiya ko yau ba, to wannan ba bayani ba ne, tawada ce kawai. Akwai kuma kuskuren da ya fi kowanne ɓarna, wato a bar gurbi babu komai ranar da mai duba ma'auni ya yi tafiya, daga baya mai shigarwa a kwamfuta ya cike shi da sifili. Ranar da ba a auna ba ta koma ranar da ba a yi ruwa ba, an ƙirƙiro fari a kan takarda. Shi ya sa manyan cibiyoyi ke amfani da tsare-tsaren fayil irin su GRIB da NetCDF, inda kowace lamba ke tafe da wurinta, lokacinta da ma'auninta, kuma akwai alama ta musamman ta cewa ba a auna ba.

An taɓa yin yunƙurin ceto irin waɗannan takardu. Daga ƙarshen shekarun 1980 ƙasar Beljiyam ta ɗauki nauyin ɗaukar hoton tsofaffin rajistocin yanayi na ƙasashen Afirka da yawa a kan ƙananan fina-finai, aka ajiye tarinsu a ACMAD a Yamai. Da shekaru suka ja, fina-finan da kansu suka fara lalacewa, sai da aka sake wani aikin na mayar da su hotunan kwamfuta. Har yanzu kuma hoto ba lamba ba ne, sai mutum ya zauna ya karanta rubutun hannu ya shigar ɗaya bayan ɗaya.

Ƙasashen Afirka sun shiga sayen manyan kwamfutoci. Afirka ta Kudu ta ƙaddamar da Lengau a Kef Tawun a 2016, Maroko ta ƙaddamar da Toubkal a Bengerir a 2021, Kodebuwa da Senegal ma kowace na da tata. Abin alfahari ne, ba na musu. Amma da za a tambaye ni abin da Nijar za ta fara sa wa kuɗi, zan ce rumbu kafin inji. Babbar kwamfuta cikin shekara biyar zuwa bakwai ta tsufa, tana kuma shan wuta da sanyi irin wanda ƙasar da ta ga yadda aka yanke mata wutar Najeriya a Agustan 2023 ya kamata ta yi tunani sau biyu a kansa. Hasashen duniya kuma yanzu ana samun sa a sauƙaƙe: na Amurka kyauta ne tun da daɗewa, ECMWF ma ta fara sakin nata tun 2022. Abin da ba wanda zai iya sayar mana ko ya ba mu kyauta shi ne ruwan da ya sauka a Dumega ko Dankasari ranar kaza ga Yulin shekara kaza. In ya ɓace, ya ɓace ke nan.

Kada kuma a ce ai ana iya barin komai a rumbunan waje a riƙa ɗebowa ta intanet. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku da dama suka yanke a gaɓar Kodebuwa, intanet ta yi rauni a ƙasashen yammacin Afirka, har da waɗanda ba su da teku. Da a ce tsakiyar Agusta abin ya faru, lokacin da ake jiran gargaɗin ambaliya, da an ji a jiki. Ƙa'idar masu ajiya tsohuwa ce: kwafi uku, a kan nau'in ma'ajiya biyu, ɗaya daga ciki a wani gari daban. Ga ma'aunan ruwan jihar Dosso wannan ba ya buƙatar petabait. Lambar kowace rana ta tashoshi 100 na tsawon shekara 100 ba ta kai lambobi miliyan 4 ba, abin da ƙaramin katin waya zai ɗauka ya bar wuri. Hotunan littattafan da kansu ma kaset ɗaya na LTO ya ishe su.

Tsadar ba a kayan take ba, a ɗorewar aikin take. Na'urar LTO-9 ba ta karanta kaset ɗin da ya girmi LTO-8, don haka duk bayan 'yan shekaru sai an kwashe komai an mayar kan sabon nau'i, a kuma gwada a tabbatar abin da aka kwafa daidai yake da na asali. Wannan aiki ne na ma'aikaci mai albashi da layi a kasafin kuɗin kowace shekara, abin da shirye-shiryen masu ba da tallafi, masu ƙarewa cikin shekara uku ko huɗu, ba su cika bari a bayansu ba. Ƙananan hukumomin ƙasar Arawa na da nasu rabon da ba ya jiran Yamai: su san wa ke riƙe da littafin ma'aunin kowane ƙauye, a ɗauki hoton shafukansa da waya a ƙarshen kowace damina, kwafi ɗaya ya zauna a ofishin ƙaramar hukuma, ɗaya ya tafi ofishin noma na Dogondutsi ko Tibiri, ɗaya kuma a miƙa wa ma'aikatar yanayi.